Yadda Za Ka Sa Rumbun Bayanan Access Ya Riƙa Gano Teburansa Duk Inda Ka Kai Shi

Na taɓa haɗa wa wata makarantar kuɗi ɗan rumbun bayanai da Microsoft Access, mai ɗauke da sunayen ɗalibai, kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa. A kwamfutata komai lafiya lau. Na kwafe shi a filash, na tafi ofishin shugaban makaranta, malamai uku sun zagaye tebur suna jiran a nuna musu. Ina danna fom ɗin farko sai ga ɗan akwati ya fito, wai adireshin da ya fara da C:\Users ba sahihi ba ne. Fayil ɗin bayanan yana nan cikin filash ɗin, ina kallonsa da idona, amma Access ya kafe sai wanda ke kan kwamfutar da na baro a gida. Gumi ya karyo mini duk da fanka na juyawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ka haɗa tebur daga wani fayil, Access yana rubuta cikakken adireshin fayil ɗin, tun daga harafin faifai har zuwa sunansa, ya adana. Kwatance irin na "ɗakin da ke kusa da nawa" bai san shi ba, kuma babu wani akwati a cikin saitinsa da za ka latsa ya koya. Abin da ake yi shi ne dabara: duk lokacin da aka buɗe rumbun, sai ya tambayi kansa inda yake zaune yanzu, ya lissafo cikakken adireshin fayil ɗin bayanai daga nan, ya gyara haɗin kafin kowa ya taɓa komai. Layukan VBA, wato yaren rubuta umarni da ke cikin Access, kamar talatin ne ke yin wannan aikin.

Shago da sito

Wanda ya riga ya raba rumbunsa biyu zai iya tsallake nan. Ga wanda bai raba ba, tsarin kamar na ɗan kasuwa ne. Akwai shago, fayil ɗin gaba, inda fom-fom, rahotanni, tambayoyin zaƙulo bayanai da umarnin VBA suke. Akwai kuma sito, fayil ɗin baya, wanda babu komai a cikinsa sai tebura. Amfanin rabawar shi ne ka iya sauya fasalin shago ko ka kawo sabo ba tare da ka taɓa kayan da ke sito ba.

Ka fara ajiye kwafin fayil ɗin a wani wuri daban. Sannan ka buɗe shi, ka shiga Database Tools, a rukunin Move Data ka danna Access Database, ka zaɓi Split Database. Access zai ba sabon fayil ɗin suna mai ƙarewa da _be, misali Makaranta_be.accdb. Bayan an gama za ka ga ƙaramar kibiya a gefen kowane tebur, alamar cewa yanzu haɗi ne kawai, ainihin teburin yana can sito. Idan naka tsohon fayil ne mai ƙarewa da .mdb, irin na kafin Access 2007, duk abin da ke tafe ya shafe shi, sai dai ka sauya ƙarshen sunan a inda ya dace.

Mataki na farko: tsara folda, kuma kada ka sake taɓa tsarin

Kwatance ba ya aiki sai abubuwan da ake kwatantawa da su suna nan inda aka san su. Don haka ka yi babbar folda guda, ita ce za ta riƙa yawo gaba ɗayanta:

Makaranta\Makaranta.accdb
Makaranta\Bayanai\Makaranta_be.accdb
Makaranta\Hotuna\

Babbar foldar za ta iya sauya suna, ta koma faifan D, ta shiga filash, duk ba matsala. Abin da ba zai sauya ba shi ne cewa sito yana cikin Bayanai, ita kuma Bayanai tana kusa da shago. Na fi son sanya sito a ƙaramar folda maimakon barinsa gefe da gefe da shago, domin na sha ganin ma'aikaci ya buɗe sito kai tsaye bisa kuskure yana shigar da bayanai cikin tebur tsirara.

Akwai wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Kada ka sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a sunan folda ko fayil na wannan aikin. Windows yana karɓarsu, Access ma yana nuna su daidai a fom da tebur, amma shafin rubuta VBA tsohon yayi ne, yana mayar da su alamar tambaya. Ka rubuta Dalibai a sunan fayil da tebur, ka bar Ɗalibai ga abin da mai amfani zai gani a fom.

Mataki na biyu: leƙa abin da Access ya rubuta

Kafin ka gyara abu, ya kamata ka ga kamanninsa. Ka ɗora linzami a kan teburin da aka haɗa, adireshin zai bayyana. Hanya mafi kyau kuma ita ce ka danna Ctrl da G, taga mai suna Immediate za ta buɗe, ka rubuta wannan ka danna Enter:

? CurrentDb.TableDefs("Dalibai").Connect

Amsar za ta fito kamar haka:

;DATABASE=C:\Aiki\Makaranta\Bayanai\Makaranta_be.accdb

Wannan layin mai suna Connect shi ne duk abin da muke nema. Teburin da ke zaune cikin fayil ɗin kansa ba shi da komai a wurin, fanko ne. Idan sito yana da kalmar sirri, layin zai fara da MS Access;PWD= sannan kalmar, kafin a zo DATABASE=. Ka lura da kyau: kalmar a fili take a nan, duk wanda ya iya buɗe wannan tagar zai karanta ta. Kada ka ɗauka kalmar sirrin sito ta tsare ka daga wanda shago ke hannunsa.

Yanzu ka rubuta wannan kuma:

? CurrentProject.Path

Zai ba ka foldar da shago yake zaune a wannan lokacin. Da waɗannan biyun za mu yi aiki.

Wasu suna gwada gajeriyar hanya, su share farkon adireshin su bar sunan fayil kaɗai. Wani lokaci yakan yi aiki, shi ya sa dabarar take yaɗuwa. Amma a irin wannan hali ana neman fayil ɗin ne a foldar da Access ya ɗauka a matsayin wurin aikinsa a lokacin, wadda sau da yawa Documents ce, kuma tana iya sauyawa da zarar an buɗe wani fayil daga wani wuri. Yau ya yi, gobe ya ƙi. Ban ba ka shawarar dogaro da ita ba.

Mataki na uku: umarnin gyaran hanya

A cikin shago, ka danna Alt da F11, ka shiga Insert ka zaɓi Module, ka zuba wannan:

Public Function GyaraHanya() As Boolean
    Const SITO As String = "Bayanai\Makaranta_be.accdb"
    Dim db As DAO.Database
    Dim tdf As DAO.TableDef
    Dim fso As Object
    Dim sabo As String
    Dim tsoho As String
    Dim wuri As Long

    On Error GoTo Matsala
    Set fso = CreateObject("Scripting.FileSystemObject")
    sabo = fso.BuildPath(CurrentProject.Path, SITO)

    If Not fso.FileExists(sabo) Then
        MsgBox "Ba a ga fayil na bayanai ba: " & sabo, vbCritical
        Application.Quit
        Exit Function
    End If

    Set db = CurrentDb
    For Each tdf In db.TableDefs
        wuri = InStr(1, tdf.Connect, "DATABASE=", vbTextCompare)
        If wuri > 0 And Left(tdf.Name, 1) <> "~" Then
            tsoho = Mid(tdf.Connect, wuri + 9)
            If LCase(Right(tsoho, 6)) = ".accdb" Then
                If StrComp(tsoho, sabo, vbTextCompare) <> 0 Then
                    tdf.Connect = Left(tdf.Connect, wuri + 8) & sabo
                    tdf.RefreshLink
                End If
            End If
        End If
    Next tdf

    GyaraHanya = True
    DoCmd.OpenForm "frmFarko"
    Exit Function

Matsala:
    MsgBox "An kasa gyara hanya: " & Err.Description, vbCritical
    Application.Quit
End Function

Wurare biyu za ka sauya: sunan sito a layin SITO, da frmFarko wanda za ka maye da sunan fom ɗinka na farko. Wajen adanawa ka ba modul ɗin suna daban, kamar modHanya. Idan ka kira shi GyaraHanya, suna ɗaya da umarnin da ke cikinsa, Access zai rikice ya ce bai ga umarnin ba, kuma mutane da yawa sun ɓata yini a kan wannan.

Bari in tsaya a kan wasu layuka, domin kowanne akwai dalilinsa.

BuildPath aka sa maimakon a liƙa alamar \ da hannu saboda filash. Idan shago yana cikin folda, adireshin da Access ke bayarwa ba ya ƙarewa da wannan alama. Idan kuma wani ya zube fayilolin a bakin filash ɗin kai tsaye, adireshin E:\ ne, da alamarsa a haɗe. BuildPath yana duba ko akwai ta, ya ƙara idan babu. FileExists kuma na zaɓe shi a kan Dir da aka fi sani domin Dir yana tuntuɓe da haruffa irin su ƙ da ɗ. Kai ka kiyaye sunayen foldarka, amma ba ka da iko da sunan foldar da wani zai jefa ta ciki.

Lambobin 8 da 9 daga tsawon kalmar DATABASE= suka fito, haruffa tara ne har da alamar daidai. Ana yanke layin daga ƙarshenta, a bar duk abin da ke gabanta yadda yake, a sauya abin da ke bayanta kawai. Da haka kalmar sirri ba ta ɓacewa. Duba ƙarshen .accdb yana kare teburan da aka haɗa da SQL Server, wani babban rumbun bayanai na daban, ta hanyar haɗi mai suna ODBC, domin su ma layinsu yakan ƙunshi DATABASE= amma sunan rumbu yake nufi, ba fayil ba. Tsallake sunayen da suka fara da ~ kuwa saboda ragowar teburan da aka goge ne, waɗanda Access kan bari a ɓoye. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya tsayar da aikin a tsakiya. RefreshLink shi ne ke tabbatar da sauyin. Idan ka manta shi, ka rubuta sabon adireshi ne a iska.

Sai layin StrComp, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Akwai masu rubuta irin wannan umarni ta wata fuska: su gwada buɗe tebur, idan ya buɗu su ce haɗi lafiya yake, idan ya ƙi sannan su gyara. Wannan tunanin yana da rami. Ka ce ka kwafe foldar daga faifan C zuwa filash, ka buɗe kwafin filash ɗin a kan wannan kwamfutar. Tsohon adireshin yana nan daram, tebur zai buɗu, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Kana shigar da kuɗin makarantar ɗalibai kana ganin a filash kake rubutawa, ashe duk a faifan C suke sauka. Ka zare filash ka tafi da shi wani wuri, ka tarar babu ko ɗaya daga aikin ranar. Haɗin da ya tsinke yana ihu, kowa ya ji. Wanda bai tsinke ba amma yana nuni ga sito na daban, shiru yake yi har sai an zo haɗa lissafin ƙarshen zango. Shi ya sa umarninmu bai damu da ko tebur yana buɗuwa ba. Tambayarsa ɗaya ce: adireshin da ke rubuce shi ne na siton da ke kusa da ni? Idan ba shi ba ne, a gyara. Idan shi ne, a wuce, kuma wannan yana sa buɗewar yau da kullum ta yi sauri tunda ba a sake haɗa komai.

Saboda wannan dalilin ne kuma na sa rumbun ya rufe kansa idan bai ga sito ba. Da a bar mutum ya ci gaba da aiki a kan tsohon haɗi, gara a sallame shi da saƙo.

Mataki na huɗu: ya tashi da kansa

Ka shiga Create ka danna Macro. Ka zaɓi If, a gurbin sharaɗi ka rubuta [CurrentProject].[IsTrusted], a cikinsa ka sa RunCode, a gurbin suna ka rubuta GyaraHanya() har da bakan biyu. Ka adana da suna AutoExec, daidai yadda na rubuta. Duk makiron da ke da wannan suna Access yana tayar da shi da zarar an buɗe fayil.

Sannan ka shiga File, Options, Current Database, ka duba gurbin Display Form. Idan akwai fom a wurin, cire shi. Access yana buɗe wannan fom ɗin kafin ya waiwayi AutoExec, don haka fom mai jawo bayanai daga tebur zai ci karo da tsohon adireshi tun kafin a gyara. Umarninmu ne zai buɗe fom ɗin farko da kansa bayan ya gama.

Idan ka yi kuskure rumbun ya koma rufe kansa da zarar ka buɗe, kada hankalinka ya tashi. Ka riƙe maɓallin Shift yayin buɗewa, zai tsallake AutoExec ka shiga ka gyara.

Maganar amincewa

Tsugune ba ta ƙare ba, domin a baƙuwar kwamfuta Access ba ya barin VBA ya motsa sai an amince da fayil ɗin. Za a ga layi ruwan ɗorawa a sama da maɓallin Enable Content. Kafin a danna shi, babu gyaran da zai faru. Sharaɗin IsTrusted da muka sa yana hana saƙon kuskure mai firgitarwa fitowa a wannan lokacin, kuma kana iya ƙara Else da MessageBox mai cewa a danna maɓallin da ke sama.

A kwamfutar da za a riƙa amfani da ita kullum, ka shiga File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, Trusted Locations, ka ƙara babbar foldar. Wannan saitin a kan kwamfutar yake zama, ba ya bin folda, sai ka maimaita a kowace. Tun daga 2022 kuma Office yana toshe VBA gaba ɗaya a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, ba tare da ba da maɓallin amincewa ba. Idan ta imel aka turo rumbun, a danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a latsa Unblock. In a dunƙule ya zo cikin zip, a yi wa zip ɗin haka kafin a warware shi.

Gwaji na gaskiya

Ka rufe Access, ka kwafe babbar foldar zuwa filash, sannan ka sauya wa ta asali suna na ɗan lokaci. Ka buɗe ta filash, ka ɗora linzami a kan tebur ka karanta adireshin. Ka mayar wa ta asali sunanta, ka sake buɗe ta filash, ka ƙara ɗalibin gwaji, ka tabbatar bai bayyana a ta asali ba. Daga nan ka kai filash ɗin wata kwamfutar da za ta ba shi harafi daban. A ƙarshe ka ɓoye sito da gangan ka ga ko saƙon zai fito. Na kan ƙara ɗan rubutu a ƙasan fom ɗin farko mai nuna adireshin siton da ake kai, don ko ta waya aka kira ni in ce a karanto mini.

Idan sito ya fi ɗaya, ko akwai Excel da hotuna

Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, shi ya sa wasu ke raba tebura a sito biyu ko uku. A nan ba za ka kafa suna ɗaya ba. Ka ciro sunan fayil daga tsohon adireshin, ka ɗora shi a sabuwar folda, a cikin zagayen For Each na umarnin, bayan layin da ya fara da tsoho:

sabo = fso.BuildPath(fso.BuildPath(CurrentProject.Path, "Bayanai"), fso.GetFileName(tsoho))

Duba FileExists ma sai ya koma cikin zagayen. Teburan Excel suna bin wannan tsari idan ka faɗaɗa sharaɗin ya karɓi .xlsx, tunda bayanan da ke gaban DATABASE= ba ma taɓa su. Fayilolin rubutu irin CSV ne suka fita daban: a nasu layin folda kawai ake rubutawa bayan DATABASE=, don haka adireshin folda za ka ba su.

Hotunan ɗalibai kuwa, kada ka adana cikakken adireshinsu a tebur. Ka rubuta sunan fayil kaɗai, kamar 0147.jpg, a gurbin tebur mai suna Hoto, a fom kuma ka ba gurbin hoton wannan a Control Source:

=[CurrentProject].[Path] & "\Hotuna\" & [Hoto]

Inda wannan dabara ba ta dace ba

An yi ta ne don rumbun da mutum ɗaya ke amfani da shi a lokaci guda, yana yawo da shi. Idan ma'aikata biyar ne za su yi aiki tare a ofis, tsarin daban ne: sito ɗaya a foldar da aka raba ta netwok, kowa da kwafin shagonsa a kwamfutarsa. A nan siton ba ya kusa da kowa, don haka adireshin netwok mai farawa da \\ da sunan kwamfutar da ke riƙe da shi za ka sa a layin umarnin da ya fara da sabo. Ya fi harafin faifai tabbas, tunda Z na wannan yana iya zama Y na wancan. Kada kuma ka sa sito a OneDrive, Google Drive ko Dropbox da nufin mutum biyu su yi aiki tare. Waɗannan fayil sukutum suke kwafewa, ba su san layin tebur ba, ƙarshenta a samu kwafi biyu masu saɓani ko fayil ya lalace.

Aiki kai tsaye daga filash ma ina ɗari-ɗari da shi. Filash yana da nawa, kuma idan aka zare shi ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, sito na iya lalacewa. Muddin kana ganin ƙaramin fayil mai ƙarewa da .laccdb kusa da sito, ana amfani da shi ke nan, kada ka kwafa, kada ka zare. Abin da nake yi shi ne in sauke foldar a kwamfuta, in yi aiki, in rufe Access, in jira .laccdb ya ɓace, sannan in mayar da ita filash, tsohuwar kuma in sa mata kwanan wata a suna, kamar Makaranta_2024_03_15, in tura ta foldar ajiya.